Ban Mutu Ba, a Fito da Algaitata Daga Gilashi

Zuwa ga Alhaji Lawali ɗan Malam Dunama,
Shugaban Kamfanin Kayan Sauti na Gidan Dunama,
Unguwar Zango, Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk masu ci a ƙarƙashinka. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a. Allah ya jiƙan mahaifinka Malam Dunama mai sassaƙa algaita, ya haskaka kabarinsa, ya sa can ta fi masa nan. Mai wannan magana shi ne Isufu Mai Algaita, mutumin Zermu, wanda kake kira Baba Isufu tun kana yawo ba wando a zauren gidanku na unguwar Birni. Yau kai Alhaji ne, kai ne darakta, kuma da wannan girman zan kira ka har ƙarshen takardar nan, don Allah ne ya ba ka, ba ni ba.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, hannuna bai san alƙalami ba. Maƙwabcina Mushe Hamisu, wanda ya koyar da yara har ya tsufa, shi ke rubutu, ni ke faɗa. Na ce masa kada ya gyara mini magana, inda ta yi kaushi ya bar ta da kaushinta, in laifi ne nawa ne. Na kuma roƙi a kai ta gidan rediyo a karanta wa jama'a. Ba don in tozarta ka ba. Na hau motar kasuwa daga Zermu na zo shagonka har direbobin tasha suka daina tambayata inda za ni. Kullum amsa ɗaya: Alhaji yana Yamai, Alhaji yana Kano, Alhaji ya fita yanzun nan. Ran nan ma na ga motarka a ƙofa, na ga takalmanka a bakin ɗakin aikinka, aka ce ba ka nan. To, tunda ba a ganinka, wataƙila a rediyo ka ji ni.

Maganar a taƙaice ita ce: algaitata tana cikin akwatin gilashi a tsakiyar shagonka, an kunna mata fitila, ni kuwa ina nan da raina ba ni da abin busawa. Ina so a fito da ita. Amma tunda masu sauraro ba duka suka san yadda aka yi ba, kai ma ina zaton rabin labari aka ba ka, bari in jera maka.

Na farko: abin da ƙafar zabuwa take nufi.

Mutanen yanzu sun san ƙafar zabuwa a matsayin hoton da ke manne a jikin lasifika da fiyano na shagonka. To su sani, asalinta wani ɗan ƙarfe ne mai yatsu uku, wanda mahaifinka yake sawa a garwashi har ya yi ja, ya dangwala a cikin bakin algaita. Kuma ba ya dangwalawa ranar da ya gama sassaƙa. Algaita takan gama, dukawan Birni su lulluɓe ta da fata, ta rataye a bango ba shaida, har sai mai ita ya zo an ji shi.

Ni na zo masa ina saurayi, da abin da na samu a gyaɗata ta farko ƙulle a lalita. Na ɗauka ciniki ne irin na fartanya, ka biya ka saɓa a kafaɗa. Bai ko dubi lalitar ba. Ya kama hannuna, ya ware yatsuna, ya auna tsakaninsu da tsinke, ya karya tsinken ya soke a rufin zaure, ya ce in dawo bayan kaka. Da na dawo na tarar an huda ramukan algaitar daidai yatsuna. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, shi kuma ya juya mini baya ya fuskanci bango. Haka yake yi wa kowa, ɗan sarauta ko ɗan ƙauye, wai fuskar mutum tana roƙo, shi kuwa ba ya son a roƙe shi. Na busa iya ƙarfina, kumatuna kamar za su fashe. Ya bar ni na gama, bai ko juyo ba ya ce: "Ɗan Zermu, ƙara gare ka, ba murya ba. Jaki ma in an ba shi wannan zai tara mutane. Koma ka yi noma, ka dawo baɗi." Na kama hanyar Zermu a ƙafa ina zaginsa a zuci har gida. Da shekara ta zagayo na dawo, ya sake juya baya, na busa. Wannan karon ban kai rabi ba ya ɗaga hannu, ya ce a hura garwashi.

Abin da ya faɗa lokacin da hayaƙi ke tashi daga itacen, ba ni kaɗai ya faɗa wa ba, duk wanda ya karɓi algaita a gidan nan ya ji shi: itacen naka ne tunda ka biya, ƙafar zabuwa tawa ce, aro na ba ka. Ranar da ka mutu, ko ranar da numfashinka ya ƙare, algaita ta dawo gida, don kada a ji muguwar busa a leƙa ciki a ga sunana.

Amma ka saurara da kyau, Alhaji, don nan ne maganarmu take. Mutuwa ba ta bukatar a tantance ta. Ƙarewar numfashi kuwa, mahaifinka bai taɓa yanke ta da ji-ta-ji-ta ba. In aka ce wane ya tsufa, sai ya aika a kira shi, a shimfiɗa tabarma, ya juya baya, mutum ya busa. Ina zaune a zauren ranar da aka ji tsoho Na'Allah, wanda mu duka a bayansa muka tashi. Ya fara da kyau, sai muryar ta riƙa yankewa kamar ruɓaɓɓen zare. Mahaifinka ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo, gemunsa jiƙe yake. Ya shiga gida ya ɗauko rigarsa ta Juma'a ya ɗora wa tsohon a kafaɗa, sannan ya miƙa hannu biyu, Na'Allah ya ba shi algaitar da kansa. Ba wanda ya ƙwace. Haka al'adar take, ƙafa biyu gare ta: a ji, sannan a karɓa.

Shi ya sa duk ƙasar Damagaram, gabas da yamma, in aka ga algaita mai ƙafar zabuwa a ajiye a gidan Dunama, ba a tambaya. An san mai ita ya rasu, ko an ji shi an tabbatar ya ƙare.

Na biyu: yadda tawa ta shiga gilashi.

A bazarar bana ciwon ƙirji ya kayar da ni, aka kai ni gidan likita a Damagaram, na daɗe. Ban ɓoye ba, kowa ya sani. Ina kwance zafi ya shiga ɗakin da algaitar take rataye, fatar ta dare, itacen ya yi ɗan tsagi siriri kusa da baki. Da na sami sauƙi, bayan saukar ruwan farko, na naɗe ta a rawani na kawo gyara, kamar yadda na saba tun mahaifinka na raye. Na tarar an ba wani tela hayar zauren Birni. Shi ya ce mini in tafi Zango, can aka koma.

A shagon na iske Mutari, wanda ka ɗora a kan ciniki. Ba zan yi masa ƙarya ba: ya miƙe tsaye, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Da na warware rawani, ya leƙa cikin bakin ya ga ƙunar ƙarfe ta gaske, sai idonsa ya yi haske. Ya ce Alhaji ya daɗe yana neman irin wannan, aikin hannun mahaifinsa. Ni kuwa da wautata na ji daɗi, na ɗauka yabo ne. Ya ce in bar ta, in dawo ranar kasuwa ta sama.

Na dawo ranar Alhamis. Tun daga ƙofa na hango ta. An goge ta da mai tana ƙyalli, an kwantar da ita a kan jan ƙyalle cikin gilashi, fiyano a dama, fiyano a hagu. An juya tsagin ƙasa don kada a gani. Ba a gyara komai ba. Na ce wa Mutari ya buɗe. Ya sosa ƙeya ya ce: "Baba, ai kun fi ni sanin al'adar gidan nan. Numfashi ya ƙare, algaita ta dawo gida. Alhaji ya ce a girmama ku, ga sabuwa a kwali, ga kuma ɗan rediyo ku riƙa jin labaru." Na ce, wa ya ji ni da aka ce numfashina ya ƙare? Wa ya shimfiɗa tabarma? Wa ya juya baya? Sai ya ce: "Haba Baba, tarin da kuka yi daga bakin ƙofa zuwa kujerar nan, ai ko kurma ya ji." Masu ciniki suka tuntsire da dariya. Wata mace har da rufe baki da mayafi.

Ban karɓi rediyon ba. Ina da rediyo. Sabuwar algaitar kuwa na ɗauka na duba na ajiye, zan zo kanta.

Na uku: ta'aziyyata da aka zo yi ina zaune.

Manoman Garagumsa, ni ke yi musu busa a kokawar kaka tun iyayen 'yan kokawar yanzu suna shiga fili. Ba wai abin da ake samu a can wani abu ba ne. Amma kowane gida na san takensa, in ɗa ya shigo fili nakan busa masa na ubansa, ka ga tsoho a gefe ya miƙe ya manta da ciwon gwiwa. Shekarata duka a kan wannan ranar take tsaye. Noma nake yi kamar kowa, amma ranar nan ce nake zama Isufu.

Duk shekara in gero ya fitar da kai sukan aiko mini da goro. Bana goro bai zo ba. Abin da ya zo shi ne mota cike da dattawa, wata Asabar da hantsi, da buhun gero da fuskokin makoki. Ashe wasunsu sun shigo kasuwa neman lasifika, suka shiga shagonka, suka ga algaitar. Sun san ta, akwai facin koriyar fata a wuyanta, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ni a fili ya san shi. Ba su tambayi kowa ba. Don me za su tambaya? Suka yi salati, suka koma suka sanar da gari, aka yi mini addu'a a masallacinsu. Ni ba ni da salula, kuma ko ina da ita, wa ke kiran mamaci ya ji ko gaskiya ne?

Suka iske ni a ƙofar gida ina gyaran zana. Sarkin Nomansu, da yake gaba, ya ja da baya har ya taka ƙafar na bayansa. Matata Zara ta fito da ludayi a hannu, ta ji abin da ya kawo su, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce: "To Malam, ka ji. Ni ina nan ina ta dama maka fura, ashe takaba ya kamata in shiga ba wanda ya gaya mini." Aka yi dariya, ni ma na buɗe baki kamar mai dariya. Ta sa aka shigar da buhun, ta ce geron da ya yi wannan tafiya ba ya komawa.

Bayan an ci an sha, na ce to, tunda ga ni, goron kokawa fa? Sarkin Noma ya sunkuyar da kai ya ce sun riga sun kama mai fiyano daga shagonka. Na ce a haɗa mu mana, fili yana da faɗi. Abin da ya ce mini, Alhaji, shi ne ya tsaya mini a ƙirji fiye da ciwon da na yi: "Baba Isufu, wallahi mun yi murna da kana raye. Amma in ba ka mutu ba, to an ji ka ke nan. Gidan Dunama ba ya karɓar algaita a banza. Su wa mu da za mu ƙaryata gidan Dunama?"

Ka ji? Na rantse musu ba a ji ni ba. Suka ce sun yarda, irin yardar da ake yi wa tsoho don kada ransa ya ɓaci. Ni da suka sani, ga ni gabansu da bakina, ba su gaskata ni ba. Mahaifinka da ya daɗe a ƙasa, shi suka gaskata. Ina so ka tsaya nan ka yi tunani. Wannan shi ne nauyin sunan da ka gada. Ba kai ka tara shi ba, kuma da shi aka binne ni da raina.

Na huɗu: fiyano da hoton da kuke mannawa.

Wasu za su ce tsohon nan haushin fiyano yake ji. A'a. A bikin jikata da shi aka yi, na zauna na ji. Na ga mai kaɗa shi ya danna nan sai ga kalangu, ya danna can sai ga goge, ya danna wani wuri sai ga abin da suke kira algaita. Ba algaita ba ce, amma ba zan ce ba daɗi ba. Mata sun taka rawa har kallabi ya faɗi, kuma shi ba ya tari, ba ya neman a dama masa fura. Zamani ya kawo, ka sayar, Allah ya sa albarka. Da ma mahaifinka ba mai ƙin sabon abu ba ne. Shi ya fara sa bututun famfon keke a wuyan algaita lokacin da tagulla ta yi wuya, tsofaffi suka yi ta surutu, ya toshe kunne ya ci gaba.

Abin da nake tambaya shi ne shaidar. Kayan nan a kwali suke zuwa daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Na gani da idona a bayan shago, ina zaman jiranka: a yanka kwali, a fito da fiyano, a ɓare takarda mai ƙafar zabuwa a manna, a ɗora a kantar shago. Wa aka ji? Duk wanda ya biya sai ya ɗaure ƙafar zabuwa a bayan babur ya tafi, ko ya iya ko bai iya ba. Sabuwar algaitar da aka miƙo mini ma haka. An buga mata shaidar da tawada tun kafin hannun mai busa ya taɓa ta, ramukanta daidai da na sauran 'yan'uwanta da ke cikin kwalin, kamar duk mutanen duniya yatsu iri ɗaya gare su. Kuma ga tambayar da na yi wa Mutari bai amsa ba, ko kai za ka amsa: in numfashina ya ƙare, me zan yi da sabuwar algaita mai sunan mahaifinka? In kuwa bai ƙare ba, don me aka riƙe tawa?

Ina jin tallarku a rediyo, wadda ake cewa kunnen Dunama yana nan bai tafi ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki gawar mahaifinka, Alhaji. Kunnuwansa duka biyu tare da shi muka binne su. Abin da ya bari shi ne suna, da ƙarfe, da hanyar yin abu. Kunne kuwa ba ya shiga rabon gado, zama ake yi a same shi, mahaifinka ma zama ya yi. Na tuna kana ƙarami, in aka fara busa a zaure kakan sa yatsu a kunne ka ruga cikin gida. Ba laifi ba ne. Ba kowa Allah ya yi don wannan ba. Kai don ciniki ya yi ka, kuma ka fi mahaifinka iya shi nesa ba kusa ba, shi da yakan kori mai saye don busarsa ba ta yi masa ba. Amma cikin al'adarsa kun riƙe ƙafar da ke kawo kaya gida, kun yar da wadda ke sa mutum ya zauna ya saurara.

Mutane sukan tambaye ni ko Gidan Dunama na yanzu shi ne na da. A da nakan ce ɗansa ne, jininsa ne, ku je ku saya. Da bakina na tura mutane shagonka. Yanzu in an tambaye ni nakan ce ban sani ba. Sunan yana aiki har yanzu, ni ne shaida, tunda ya kashe ni a Garagumsa. Amma guzurin da tsoho ya bari ne, ana ci ba a ƙarawa. Ranar da manomi ya gane ƙafar zabuwa ba ta nufin an ji kowa, ranar za ta koma zane kawai, irin na jikin buhun shinkafa.

Na biyar: wasu ƙananan abubuwa.

Waɗannan ba don na riƙe su a zuci ba, sai don kada a ce ban faɗa ba. Ranar sadakar arba'in ta mahaifinka, mu mabusa da muka zo daga ƙauyuka an bar mu a rana, aka shigar da 'yan kasuwa inuwa. Na yi shiru. An sare itacen bedi, wato dogon yaro, na ƙofar zaure da muke jira a ƙarƙashinsa, na yi shiru. Ƙarfen shaidar kansa, na tambaya a shago ba wanda ya san inda yake. A wurin telan nan na Birni na same shi, yana danne yadi da shi kada iska ta ɗauka. Na gaya masa ko mene ne, ya ce in ɗauka in ina so. Ban ɗauka ba, ba nawa ba ne. Yana nan. Ka aika a ɗauko kafin ya bi masu sayen tsohon ƙarfe.

An ba ni shawarwari iri-iri. Ɗana da ke Yamai ya aiko cewa in kai ƙara kamisariya. Na ce sunan Dunama ba zai shiga bakin ɗan sanda ta dalilina ba. Limaminmu ya ce mai shekaruna carbi ya kamace shi, wataƙila Allah ne ya raba ni da algaita cikin sauƙi. Na ce Malam, carbina yana aljihu, ban taɓa fasa salla don busa ba, kuma in lokacin rabuwar ya yi ƙirjina zai gaya mini, ba Mutari ba. Ya ce taurin kaina ne zai kai ni. Na ce shi ya kawo ni nan.

To ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, a fitar da algaitar daga gilashi ranar da aka karanta wannan takarda. Ko ba za a ba ni ba tukuna, a sa ta a ɗaki, kada wasu su sake zuwa yi wa matata gaisuwar mutuwa.

Biyu, a gyara tsagin. In ba mai iyawa a shagonka, akwai tsohon baduku a Birni da ya yi aiki da mahaifinka, telan ya san gidansa.

Uku, kuma wannan shi ne babba, a ji ni kafin a fara yankan gero. Ban ce a ba ni ita don tausayi ba, ko don na san ka kana ƙarami. A yi yadda aka saba, a kira Sarkin Noman Garagumsa ya zo ya gani da idonsa. Na san za ka ce wa zai yi hukunci tunda tsoho ba ya nan. Na yi tunanin wannan. Mahaifiyarka, Ya Fanna, tana nan da ranta a cikin gidan Birni. Duk busar da aka yi a zauren nan tana bayan bango tana jin ta, tana tankaɗe ko tana gyaran miya. Mu mun sani, ko kai ba ka sani ba: in mahaifinka ya yi shakka yakan ce mana bari ya shiga ya sha ruwa, kuma ba ruwa yake zuwa sha ba. Idonta ya tafi yanzu, fuskata ba za ta roƙe ta ba. Kuma ba ta taɓa raga mini ba, ita ce mai cewa ni ne baƙon da ya fi kowa cin tuwonta ya fi kowa ƙarancin godiya, don haka ba wanda zai ce ta yi mini alfarma. Kai kuma ka zauna kusa da ita. Ba sai ka ce komai ba. Ka kashe salula, ka zauna har a gama.

Huɗu, in ka ga duk wannan ɓata lokaci ne, ba wanda zai sake zama ya saurari kowa a gidanku, to ka cire ƙafar zabuwa daga kayan kwali ka sa sunanka. Lawali suna ne mai kyau, ni na yi busa ranar da aka raɗa maka shi. Ka sayar da fiyano da sunanka, kowa ya san da wanda yake ciniki, ka bar tsoho ya kwanta da nasa.

Saura abu ɗaya. Mushe Hamisu ya ce kada in faɗa don zai raunana maganata, na ce ya rubuta. Tun da na tashi daga ciwon nan ban sa algaita a baki ba, don ba ni da ita. Ban san abin da zai fito ba. Kowace safiya nakan ɗebi ruwa a ƙwarya, in sa ɗan kara mai rami in riƙa hurawa ina jan iska ta hanci, yadda muka koya tun farko, don in ga ko kumfar za ta yanke. Wata rana takan daɗe ba ta yanke ba, har in ji ƙarfina ya dawo. Wata rana tari ya zo ya watsa mini ruwan a gemu, in zauna ina haki, Zara ta yi kamar ba ta gani ba. Jiya irin ta biyun ce. Mai yiwuwa Mutari ya yi gaskiya. In haka ne, ina so in ji daga bakin tsohuwar nan, bayan na busa, ba kafin ba. In ta ce na ƙare, ba zan yi musu ba, ba za ku sake ganina a ƙofar shago ba. In ta ce da saura, ka aika Garagumsa da bakinka ka ce gidan Dunama ya yi kuskure. Gero ya fara nuna, Alhaji, ba ni da wata kakar da na tabbata zan gani.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya tsare dukiyarka daga gobara da ɓarawo, ya shirya maka zuriya. Allah ya ja da ranka har ka kai shekaruna ka wuce, kuma in ka kai, ya haɗa ka da wanda zai saurare ka kafin ya yanke maka hukunci.

Wassalam.

Ni ne,
Isufu Mai Algaita, Zermu.
Mushe Hamisu ya karanta mini, na ji, haka na faɗa, na dangwala yatsana.